Kafin Ka Hau Tubkal: Yadda Ake Saba wa Jiki da Tsauni ta Hanyar Yawon Ƙauyuka

Mutanenmu na Gusau da Ƙauran Namoda da Birnin Kebbi ba baƙin Maroko ba ne. Wani ziyara ke kai shi Fas, zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wani karatu, wani kuma sarin kaya a Kasabalanka. Duk wanda ya ƙarasa Marakesh daga cikinsu zai hangi duwatsun Atlas ta kudu, kuma ba zai daɗe a gari ba masu shirya tafiye-tafiye za su tare shi da tallar hawan Tubkal cikin kwana biyu. Tubkal shi ne dutsen da ya fi kowanne tsawo a arewacin Afirka, mita 4,167. Tsarin kwana biyun kuwa ga yadda yake: ka karya kumallo a Marakesh, wadda tsayinta daga teku bai kai mita 500 ba, wato kusan daidai da Gusau, mota ta sauke ka a ƙauyen Imlil, ka taka da ƙafa wuni guda, ka kwana a masaukin da ke mita 3,207, da asuba ka nufi ƙololuwa.

Mutane da yawa suna yin haka su dawo lafiya. Da yawa kuma suna kwana da kai kamar zai rabe, suna amai, su juyo ba su ga komai ba. Ga mutumin da aka haifa ya girma a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu, wannan tsarin ganganci ne, kuma maganinsa ba shi da tsada: kwana uku ko huɗu na tafiyar sannu tsakanin ƙauyukan da ke gindin dutsen kafin a fuskanci sama. Abin da zan shimfiɗa ke nan. Na ɗauki kwarin Imlil ne don shi ya fi sauƙin isa ga mutanenmu, mazaunansa Musulmi ne 'yan mazhabar Malikiyya kamarmu, ba ka da damuwar abinci ko wurin salla. Amma ƙa'idojin ba su canzawa ko Kilimanjaro ka nufa ko tsaunukan Habasha.

Abin da tsayi ke yi wa jiki

Iskar saman dutse ba wata iska ce daban ba. Oksijin ɗin da ke cikinta kashi 21 ne cikin ɗari, a Argungu ko a kan Tubkal. Abin da ke raguwa shi ne nauyin iskar, don haka duk numfashin da ka ja yana shigo maka da oksijin kaɗan. A mita 3,000 kana samun kimanin kashi 70 cikin ɗari na abin da mai zaune a bakin teku ke samu, a ƙololuwar Tubkal kuwa wajen kashi 60.

Jiki yana da dabararsa. Da farko numfashi ya ƙaru, zuciya ta ƙara bugu. Yawan numfashin yana sauya yanayin jini, sai ƙoda ta shiga aikin daidaita shi ta hanyar fitsari, shi ya sa za ka ga kana yawan zagayawa. Wannan gyaran na ƙoda kwanaki yake ɗauka, kuma shi ke ba huhu damar ci gaba da jan iska sosai, musamman cikin barci. Ƙaruwar jajayen ƙwayoyin jini kuwa sai an yi makonni. Wanda ya san yadda azumin fari da na biyu suke jigata mutum, sannan zuwa na biyar jiki ya miƙa wuya ya saba, ya fahimci zancen. Ba a yi wa wannan sabon gaggawa, kuma ƙarfi ba ya sayensa. Saurayin da ke buga ƙwallo kullum yana iya kamuwa da ciwon tsauni, wato ciwon kai da tashin zuciya da ƙarancin oksijin ke jawowa, dattijon da ke bayansa ya tsira, sau da yawa ma saboda ƙarfin nasa ne ya sa ya hau da sauri.

Ciwon yakan fara bayyana ne daga wajen mita 2,500 zuwa sama, awa shida zuwa goma sha biyu bayan isa. Abin da ya fi muhimmanci kuma shi ne tsayin wurin da ka kwana, ba wurin da ƙafarka ta taka da rana ba. Daga nan ƙa'idojin likitocin tsauni suka fito. Kada ka tashi daga ƙasa ka kwana sama da mita 2,750 a rana guda. In ka wuce mita 3,000, kada makwancinka na yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500. Bayan kowane kwana uku ko huɗu ka yi kwana biyu a wuri ɗaya. Da rana kuma ka hau sama da makwancinka, ka sauko ka kwana. Ka riƙe waɗannan, sauran bayani duk a kansu aka gina shi.

Mataki na farko: tun kana gida

Ka san jininka. Wannan na sa shi gaba da komai don littattafan Turawa kan hawan dutse ba su cika tsayawa a kansa ba, mu kuwa ya shafe mu kai tsaye. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da jinin AS. A gida mai AS lafiyarsa ƙalau, yana noma yana dako. A saman dutse, inda oksijin ya yi ƙaranci, ga gajiya ga ƙishirwa, ƙwayoyin jininsa na iya lanƙwashewa su toshe jijiyoyin saifa. Alamarsa ciwo ne mai tsanani a hagun ciki ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci har zuwa kafaɗar hagu. Ba kowane mai AS ke gamuwa da wannan ba, amma dole ya san da shi, ya gaya wa abokan tafiyarsa, ya fi kowa tafiya a hankali da shan ruwa, in ya ji wannan ciwon kuma ya sauka nan take a kai shi asibiti. Mai sikila, SS ko SC, shawarata gare shi ya bar zancen hawa sama gaba ɗaya sai abin da likitansa ya ce. Gwajin ba wuya gare shi ba, ana yinsa a Asibitin Yariman Bakura a Gusau, da Asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi, da ɗakunan gwaji masu zaman kansu.

Mai hawan jini, mai ciwon suga, mai asma ko ciwon zuciya, da mace mai juna biyu, su zauna da likita tukuna. A wannan zaman ne za ka tambayi batun maganin asitazolamaid, wanda aka fi sani da Diamox. Yana hanzarta aikin ƙodar nan da na ambata. Yadda aka saba bayar da shi don rigakafi shi ne miligiram 125 safe da yamma, a fara kwana guda kafin hawa. Yana sa yatsu da leɓe su riƙa tsikari, yana ƙara fitsari, lemon kwalba kuma ya canza ɗanɗano a baki. Wanda jikinsa ba ya karɓar magungunan salfa ya faɗa wa likita. Kada ka saye shi a kemis ka yanke wa kanka yadda za ka sha. In za ka bi tsarin da ke ƙasa, mai yiwuwa ma ba ka buƙatarsa.

Sai zazzaɓin cizon sauro. Kada ka bar gida da shi a jikinka, kuma ka tuna yana iya tashi bayan ka yi kwanaki a can. Ciwon tsauni yana kawo ciwon kai da kasala da tashin zuciya, amma ba kasafai yake zuwa da zafin jiki da rawar ɗari ba. In ka ga waɗannan, ka gaya wa ma'aikacin lafiya daga inda ka fito, don ba zazzaɓin sauro ne zai fara zo masa a rai ba a ƙasar da aka kawar da cutar.

Motsa jiki kuwa, ka fara wata biyu kafin tafiya. Tafiyar awa ɗaya da sassafe da jaka a baya, a riƙa ƙarawa, da hawa da saukar matakalar bene. Mutanen Zuru Allah ya hore musu tuddai a bakin ƙofa. Mu na Gusau muna da Dutsen Kwatarkwashi, sai dai kowa ya san halin da hanyoyi da dazuzzukanmu ke ciki, kada wani ya fita shi kaɗai da sunan atisaye ba tare da ya tambayi mutanen gari ba. Wannan atisayen ƙafa da gwiwa yake gyarawa, ba ya saba wa jiki da ƙarancin oksijin. Ko makon da za ka yi a Jos, mai kimanin mita 1,200, ko Gembu a kan Mambila, zai koya maka sanyi da hawa da gangara ne kawai, wanda shi ma riba ce.

Takalmi mai kauri da ke riƙe idon sawu, ka saye shi da wuri ka tattaka shi har ya saki. Sabon takalmi a kan dutse kanta yake haifarwa. Tufafi kuma a yi su hawa-hawa: ta ciki mai shan gumi, rigar sanyi, sai babbar riga mai tare iska da ruwa, da hular sanyi da safar hannu. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri shida da rabi. Ɗan Najeriya yana buƙatar biza kafin shiga Maroko. Lokacin da ya fi dacewa da sabon shiga shi ne Afrilu zuwa Mayu, ko Satumba zuwa Oktoba. Da hunturu dusar ƙanƙara ke rufe saman dutsen, hawan ya koma na masu ƙarafunan takalmi da gatarin ƙanƙara, wannan ba namu ba ne a karon farko.

Mataki na biyu: ɗan jagora da ciniki

Daga Marakesh zuwa Imlil tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce a tasi, ta garin Asni. Tun bayan kisan wasu 'yan yawon buɗe ido biyu a yankin cikin Disambar 2018, hukuma ta wajabta ɗaukar ɗan jagora ga mai hawan Tubkal, akwai kuma shingayen jami'an tsaro da ke duba fasfo, don haka ya kasance a jikinka. Ka nemi mai lasisi, akwai ofishinsu a cikin Imlil.

Wajen cinikin nan ne mutane ke kuskure. Kada ka tambayi kuɗin hawan Tubkal, don nan take za a ba ka tsarin kwana biyu. Ka ce kwana shida kake so, huɗu a ƙauyuka, biyu a sama, kuma ku yi magana a fili cewa in ɗayanku bai ji daɗin jikinsa ba za a ƙara kwana ko a juyo, da abin da za a biya in haka ta faru. Ka ɗauki hayar alfadari ya ɗaukar maka babbar jaka, kai ka riƙe ƙarama mai ruwa da rigar sanyi da ɗan dabino. Ba ragwanci ba ne. Wahalar da jiki a kwanakin farko tana cikin abubuwan da ke jawo ciwon. Sannan kuɗin alfadarin da na masauki hannun mutanen ƙauyen suke shiga, mutanen da girgizar ƙasar 8 ga Satumban 2023 ta auka wa lardinsu, ta kashe mutum kusan 3,000 a ƙasar. In kana da hali, kada ka matse su a ciniki kamar kana kasuwar Tudun Wada.

Mataki na uku: kwanakin ƙauye

Ranar farko ba ranar aiki ba ce. Imlil tana wajen mita 1,740. Ka sauke kaya, ka ci abinci, ka yi sallar azahar, ka ɗan kishingiɗa. Bayan la'asar ka taka zuwa Arumd, ƙauyen da aka gina a kan tarin duwatsu sama da Imlil, kimanin mita 1,900, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Hanyar tana ratsa gonakin da aka yanka hawa-hawa a jikin dutse, da itatuwan tuffa, da ƙananan magudanan da suke janyo ruwan ƙorama zuwa gonaki. Manomin fadamar Bakolori zai tsaya ya daɗe yana kallon yadda suke rabon ruwan nan. Ka sha shayin na'a-na'a, ka sauko Imlil ka kwana.

A wannan 'yar tafiyar za ka koyi takun da za ka yi amfani da shi har ƙarshe. Ma'auninsa: in ba za ka iya yin hira da na kusa da kai ba sai kana yanke magana don haki, ka yi sauri da yawa. Gajeren taku, a daidaita shi da numfashi, ba tsayawa ba gudu. Za ka ji kamar wasa kake yi, yaran ƙauye za su wuce ka da gudu da silifa, tsofaffin mata ɗauke da damin ciyawa su ba ka ratar da ba za ka cim musu ba. A nan aka haife su. Sannu ba ta hana zuwa. In alfadari ya taho kuma, ka raɓe ta ɓangaren jikin dutse, kada ka tsaya ta ɓangaren rami, don kayan da ke bayansa na iya ture ka.

Rana ta biyu ku nufi gabas, ku haura mashigar Tizi n'Tamatart mai mita 2,279, daga nan hanya ta bi gefen dutse kusan a miƙe har Tashedirt, ƙauyen da ke wajen mita 2,300 a ƙarshen kwarin Imnan. Awa huɗu zuwa biyar ne a takun sannu. A nan za ka kwana, kuma wannan daren ne farkon darasi na gaske. Kana iya farkawa cikin dare ka ji kamar numfashinka ya tsaya sannan ya dawo da ƙarfi, ko ka ji na kusa da kai yana haka. Abu ne sananne a tsayi, ba shi da haɗari in babu wata alama tare da shi. Kada ka nemi maganin barci saboda shi. Magungunan barci, da su tiramol da kodin, suna rage numfashi a daidai lokacin da jiki ke neman ƙari.

Rana ta uku ita ce zuciyar shirin duka, kuma ita ce wadda ake yawan cewa a tsallake. Ba za ku canza makwanci ba. Da hantsi ku bi hanyar da ta haura bayan ƙauyen zuwa mashigar Tashedirt, wadda ta ɗara mita 3,000. Ba lallai ku kai ƙarshenta ba. Ku hau zuwa wajen mita 2,800 ko 3,000, ku zauna rabin awa ko awa guda, ku ci gurasa da man zaitun, ku sauko ku sake kwana a Tashedirt. Jiki ya ɗanɗana ƙarancin iska da rana, ya samu daren da zai yi gyara a wurin da ya riga ya fara sabawa da shi. Da yamma ka shiga masallacin ƙauyen, ka gaisa da dattawa. Yarensu Tashalhit ne, amma sallama da ɗan Larabcin makarantar allo suna buɗe ƙofofi. Kada ka ɗauki hoton kowa, balle mata, ba da izini ba.

Rana ta huɗu ku dawo ta hanyar da kuka zo, ku kwana a Arumd, don daga nan hanyar Tubkal ta tashi. Wanda ya ji sauran ƙarfi yana iya ƙara rana guda ya haura mashigar Tizi Mzik ta yamma da Imlil, mai kusan mita 2,500, ya leƙa kwarin Azzadan ya dawo.

Wanda ya tsaya a nan ma bai yi asara ba. Ga dattijo, ko mai AS, ko iyali da yara, waɗannan kwanaki huɗun su ne tafiyar, kuma ni a ganina sun fi ƙololuwar abin kallo, don can sama tsakuwa ce da iska kawai.

Ci da sha, alwala da sanyi

Tsayi yana kashe sha'awar abinci, amma ka daure ka ci, musamman mai sitaci: gurasa, kuskus, dankali, miyar harira, dabino. Iskar dutse busasshiya ce kamar ta tsakiyar hunturu, kana asarar ruwa ta numfashi ba ka sani ba. Ka riƙa kurɓa a kai a kai har fitsari ya zama fari-fari. Ɗurawa fiye da haka ba ya hana ciwon tsauni, yana ma iya jawo wata matsalar. Ruwan ƙorama komai kyansa a tafasa shi ko a sa masa ƙwayar tsarkakewa, akwai awaki da alfadarai a sama da kai. Mai cin goro kullum ko mai shan shayi kada ya yanke kwatsam, don yankewar kanta tana kawo ciwon kai, sai a rasa gane wanne ne wanne.

Kada ka haɗa hawan nan da azumi, na farilla ko na nafila. In tafiyarka ta faɗo cikin Ramadan, ka ɗage hawan, ko ka tambayi malaminka hukuncin matafiyi tun kana gida, har da batun kasaru da taimama. Ruwan alwalar asuba a can yana iya sa yatsu su ƙage, ka roƙi mai masauki ya ɗumama maka tun da dare ka zuba a fulas. Rana kuma tana ƙuna a sama fiye da yadda sanyin ke nunawa, baƙar fata ma tana ƙonewa, leɓe ya tsage. Hula mai baki, tabarau mai duhu, da man kaɗanya.

Abu guda da nake roƙo da babbar murya: kada a kwana da kaskon gawayi a ɗaki rufe. Mun saba yin haka da sanyi a gida, kuma ko a gida yana kisa. A tsayi hayaƙin da ba a gani ɗin nan ya fi saurin illa, alamunsa kuma iri ɗaya ne da na ciwon tsauni. A nemi ƙarin bargo.

Mataki na huɗu: tambayar safe da yamma

A nan tarbiyyarmu take iya cutar da mu. An raine mu a kan dauriya, namiji ba ya raki, ƙarami ba ya son ya zama shi ya ɓata wa manya tafiya, babba kuma ba ya son yara su ga kasawarsa. A kan dutse wannan kunyar tana kai mutum kabari. Don haka tun a Imlil ku yi alkawari: kowace safiya da kowane dare za a tambayi kowa, ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a karɓar "lafiya lau" a matsayin amsa. A tambaya dalla-dalla. Kanka yana ciwo? Ka ci abinci, ko zuciyarka na tashi? Jiri fa? Gajiyar ta wuce ta tafiyar da aka yi?

In da dattijo a cikinku, ba za ka tsare shi da tambaya kamar ɗan sanda ba. Ka zauna kusa da shi ka ce, "Baba Alhaji, na ga ba ku taɓa abincin ba, ko kan ne ya dame ku?" In ya ce babu komai, ka ce, "Ni dai nawa yana sarawa, da za ku yarda da mun ƙara kwana a nan." Ka ɗauke masa nauyin, shi ke nan. In ƙaninka ne ka ce masa kai tsaye, "Auta, faɗa mini gaskiya, ba wanda zai yi maka dariya."

Hukuncin kuwa mataki uku ne. Ciwon kai tare da tashin zuciya ko jiri ko kasala, ciwon tsauni ne mai sauƙi har sai an tabbatar da wani abu daban. Ba a ƙara hawa ko taku ɗaya. A huta, a sha ruwa, a sha farasitamol ko ibufurofen. Yawanci yana wucewa cikin kwana ɗaya ko biyu. In ya ƙi sauƙi ko ya ƙaru, a sauka. Saukar mita 300 zuwa 1,000 takan kawo sauƙi da mamaki.

Sai manyan alamu biyu da ba a jiran gari ya waye a kansu. Na farko kumburin ƙwaƙwalwa: mutum ya fara tangaɗi, ko magana ba kan gado, ko barcin da ba a iya tashinsa sosai, ko halinsa ya canza. Gwajinsa mai sauƙi ne, a ja layi a ƙasa a ce ya bi shi yana ɗora diddige a gaban yatsu. In ya kasa, magana ta ƙare. Kada a tsaya ana cewa iska ce ta taɓa shi, a yi masa addu'a ana tafe ana gangarawa. Na biyu ruwa a huhu: haki ko yana zaune, tari da ke ƙaruwa, wani lokaci da kumfa mai ja-ja, leɓe ya yi duhu, ƙirji na ƙara. Duka biyun suna kisa cikin awoyi, maganinsu na farko kuma sauka ne, a kan alfadari in ya samu, da rakiya, ba shi kaɗai ba. Mai wannan hali ba a neman ra'ayinsa, don ciwon kansa yana hana shi gane halin da yake ciki. 'Yar na'urar auna oksijin da ake maƙalawa a yatsa tana da amfani, amma yatsa mai sanyi yana ruɗa ta, kuma lambarta ba ta soke abin da idonka ya gani.

Mataki na biyar: in kowa lafiya, sai sama

Sharaɗin tashi daga Arumd shi ne kowa ya kwana lafiya, ya ci abinci, ba mai ciwon kai. Hanyar tana bin kwarin zuwa Sidi Shamharush, wajen mita 2,300, inda akwai wani ƙaton dutse da aka shafe da farar ƙasa, mutanen yankin suna danganta wurin da sarkin aljannu suna kai masa ziyara. Akwai 'yan rumfunan shayi da lemon zaƙi, wurin hutu ne mai kyau. Daga nan hawan ya miƙe har mita 3,207, inda akwai masaukai biyu. Awa biyar zuwa shida gaba ɗaya, kada ka yarda a mayar da shi huɗu.

Wannan tsallen ya fi mita 500 da aka ce, kuma babu ƙauyen kwana tsakanin Sidi Shamharush da masaukan, shi ya sa kwanakin Tashedirt suka zama dole. In kana da kwana ɗaya na rara, a nan za ka kashe shi: ka kwana biyu a masaukin, ranar tsakiya ka haura mita 300 ko 400 ka dawo. In ka wayi gari da ciwon kan da magani bai kwantar ba, ƙololuwa ba taka ba ce a wannan karon.

Ana tashi ne kafin asuba da fitilar goshi, hawan kusan mita 960 a kan tsakuwa mai zamewa, awa uku zuwa huɗu. Ku sa wa kanku lokacin juyowa tun da dare, ko an kai ko ba a kai ba. A sama kada a daɗe, iska tana da ƙarfi, a yi hoto a gode wa Allah a juyo. Gangarowa ta fi cin gwiwa, kuma a nan aka fi faɗuwa don ƙafa ta gaji hankali ya saki. Sanda biyu suna taimakawa ƙwarai. In ƙarfi ya ba ka, ka wuce masaukin ka gangara har Arumd ko Imlil a ranar, barcin can ya fi daɗi. Sabon da jikinka ya yi kuma ba ya daɗewa, cikin 'yan makonni da komawa Gusau ya zube, don haka in ka sake niyya baɗi, daga kwanan Imlil za ka sake farawa.